Yadda Ake Sayar da Kantin Fam Goma Sha Ɗaya a Kan Fam Sittin

"Ba ni rubutawa, Kawu."

Abin da na ce ke nan ranar da Kawu Mijinyawa ya ajiye sabon littafi a gabana, ya ce in cika shi da cinikin da kantinsa na Bodinga bai taɓa yi ba. Tun da na dawo daga makarantar 'yan mata ta Sakkwato, shekara biyu ke nan, ni ke riƙe masa littafin gaskiya, ko anini bai taɓa biyana ba. Alkawarinsa ɗaya ne: ranar da ya sayar da kantin fam sittin, zai saya mini keken ɗinki daga ciki. Ya tuna mini da keken, na ce ban manta ba. Ya ce to in ɗauki alƙalami. Na ce hannuna na ciwo, kuma irin ciwon nan ne da ba ya tashi sai an zo rubuta ƙarya.

Amma ƙin rubutu bai hana ni kallo ba. Na ga yadda gwani ke aiki daga farko har ƙarshe, ga shi kuma na tsara maka shi daki-daki, kai mai neman rabuwa da sana'ar da ta gaji da kai. In ka bi waɗannan matakai ba ka tsallake ko ɗaya ba, na yi maka alkawari za ka sayar da kangonka a kan kuɗin kantin Bature, har mai saye ya bi ka da godiya. Ni Atika na faɗa.

Mataki na Ɗaya: Yanke farashi tukuna, lissafi ya biyo baya

A makaranta an koya mana cewa darajar sana'a ita ce abin da ke saura cikin akwati bayan an tara kuɗin da suka shigo an cire waɗanda suka fita, yau da gobe, bana da baɗi. Manta da wannan, karatun yara ne.

Kai ka tambayi zuciyarka nawa take bukata. Kawu yana son ya shiga haɗin gwiwar wata babbar mota mai zuwa Jega, an yanka masa fam arba'in da takwas. Keken ɗinki fam goma sha biyu. Jimla sittin. Saboda haka kantinsa fam sittin ne. Da jirgin sama ransa ya so, da kantin ya kai fam dubu ba tare da an ƙara masa ko ƙwayar ashana ba.

Kantin kuwa ɗaki ɗaya ne, da kanta uku da ƙofar langa-langa. A littafina sule bakwai ke shigowa a rana, shida da nai su fita, taro ya saura, wato kwabo uku. Kayan ciki da mudu da kujera duka fam goma sha ɗaya. Wannan tsakanina da kai ne.

Mataki na Biyu: Nemi mai kuɗin da suka zo masa ba shiri

Kada ka kusanci ɗan kasuwa, shi ma maƙaryaci ne, zai gane ka tun daga sallama. Nemi manomin da Allah ya tarfa wa garinsa nono sau ɗaya. Kawu ya samo Na'Allah na Shagari, wanda albasarsa ta yi kyau a shekarar da ta kowa ta ruɓe. Bawan Allah ya gaji da sunkuyo a fadama, ya gaji da mutane suna gane zuwansa da hanci. Burinsa ya zauna bisa kujera ya harɗe ƙafa, a riƙa ce masa mai kanti. Irin wannan ka riga ka sayar masa da kujerar, sauran fam hamsin da tara da 'yan kai kawai za ka nemo wa dalili.

Mataki na Uku: Cika kanta

Ido shi ke fara biyan kuɗi. Tattaro duk garwar kananzir da gwangwanin madara da ke yashe a bayan gari, ka wanke, ka ɗura musu rairayi. Kwalayen ashana ka cusa musu kara. Jera su can sama inda hannu ba ya kai, na gaske 'yan kaɗan ka bar su ƙasa. In mai saye ya nemi a sauko masa da ɗaya, ka ce ba a taɓa kayan sama sai ranar Alhamis, haka Turawa ke yi.

Daga nan ka sa wa duk abin da ido ya sauka a kansa kuɗi. Kawu ya sa wa kyanwar kantin fam uku, ya ce mai gadi ce da ba ta karɓar albashi ba ta zuwa ganin gida. Ya sa wa inuwar dogonyaron ƙofa fam biyar. Sai dai ka kula, inuwar tana gefenka ne da hantsi kawai, bayan azahar ta koma wajen mai tsire. In rana ta juya ka ja mai saye ciki ka nuna masa rufi.

Ka kuma sa wa sunanka kuɗi. Kawu ya ce duk ƙasar nan babu wanda bai san Mijinyawa ba. Gaskiya ne. Ba dole ba ne ka faɗi abin da aka san ka da shi.

Mataki na Huɗu: Mai da bashi dukiya

Duk wanda ya taɓa ɗaukar gishiri ya ce sai gobe, rubuta shi cikin dukiyarka. Kawu yana bin mutane fam ashirin da uku. Ɗaya ya rasu tun shekarar fara. Biyu sun tafi cin rani Gwanja shekara biyar ke nan, ko wasiƙa babu. Akwai wanda ya fi kowa cin bashin, fam tara shi kaɗai, shi ne Kawu da kansa.

Na'Allah ya tambaya ko ana sayar da bashi. Kawu ya ce ai Hausawa sun gama magana, bashi hanji ne, wa ya taɓa sayen rago aka ce ban da hanjin? Na'Allah ya ce wallahi haka ne. In hujja ta ƙare maka, jefa karin magana. Ba a musu da magabata.

Mataki na Biyar: Samo marubuci mai layi ɗaya

Littafin gaskiya layi biyu gare shi, na shiga da na fita, kuma na fitan nan shi ne abokin gabarka. Kuɗin jakin da ke ɗauko kaya daga Sakkwato, haraji, rabon ɓera, sabulu da sukarin da ke tsallaka katanga su shiga cikin gida kowace safiya, duk can suke zaune. Littafinka kai kada ya san da su. Kuɗi su shigo kawai, kamar ruwa cikin rijiya.

Da na ƙi, Kawu ya ɗauko Ɗanmalam, mai rubuta wa mutane wasiƙa a gindin tsamiyar kasuwa. Sule biyu ya karɓa, ya cika shekara biyu a yini ɗaya. Hannunsa ya yi zafi har watan Fabrairu ya kwana talatin da huɗu. Na nuna wa Kawu, ya ce ciniki ne ya yi yawa a watan, dole aka ƙara masa kwana. Tun da Na'Allah ba ya karanta boko, abin da ya auna shi ne nauyin littafin a tafin hannunsa, ya ce lalle an yi aiki.

Kada ka tsaya ga jiya, sayar masa da gobe. Kawu ya rage murya ya ce wani masinjan Di'o ya tsegunta masa za a kawo hanyar jirgin ƙasa ta ƙofar kantin, tasha kuma daidai inda mai tsire yake. Kuɗin baɗi ba su da nauyin ɗauka, loda masa iyakar ƙarfinka.

Mataki na Shida: In ya zo da tsohuwa, sa kuɗi su gudana

Ga inda ake gane gwani. Ranar kasuwa Na'Allah ya zo da jakar kuɗinsa ɗaure a ƙugu, da goggonsa a bayansa. Sunanta Kaltume, shekara arba'in tana sayar da daddawa a Shagari. Ko kallon littafin ba ta yi ba, ta ce takarda ba ta da kunya, abin da aka ɗora mata shi take ɗauka. Ta shimfiɗa tabarma a bakin ƙofa, ta ajiye ƙwarya biyu da ƙullin 'ya'yan tsamiya. Duk sulen da ya shiga akwati ta jefa ƙwallo ɗaya a ƙwaryar dama, duk wanda ya fita ta jefa a ta hagu. Ta ce zuwa la'asar ƙwarya za ta faɗi farashi.

Kada hankalinka ya tashi. Gudun kuɗi take son gani, ba ta ce sai sababbi ba.

Duk abin da Kawu ya mallaka ranar dala uku ne, wato sule shida. Ya tara 'yan uwa da abokan hira a bayan kanti, ya raba wa uku daga ciki dala guda-guda. Mutum ya zagayo ta gaba ya yi sallama kamar baƙo, ya sayi abu, Kawu ya wurga dalar cikin akwati da ƙarfi don ƙwaryar dama ta ji. Kayan a kai su zauren gida a ajiye. In dalolin uku sun taru, sai Kawu ya ɗauki buta, ya saƙale su a ƙugu, ya ce bari ya zaga. Can baya ya sake rabawa.

Kafin azahar ƙwaryar dama ta kusa rabi, ta hagu babu ko ɗaya. Na'Allah sai shafa jakarsa yake yana murmushi. Tsohuwa kuwa ta bi butar da kallo.

"Mijinyawa, lahiya dai? Wanga zagaye naka na goma sha ɗaya na."

Ya ce furar jiya ce ta yi tsami. Ta ce ya jiƙa sabara ya sha, kada kanti ya rasa mai shi kafin a gama ciniki.

Akwai wata 'yar matsala da za ka shirya mata. Mutanen gari in sun ga cunkoso sai su ɗauka araha ake yi, su zo da kuɗin gaske. Su kuma kayan sama suke nunawa. Sau shida Kawu yana korar sule mai rai, yana cewa an riga an saye. Wani Bafulatani ya nace sai garwar can ta ƙurya, har ya zube kuɗinta a kan kanta. Kawu ya rantse masa kananzir ɗin bai nuna ba tukuna.

Mataki na Bakwai: Kada ka sa surukinka cikin masu sayen ƙarya

Ka ja layi ƙarƙashin wannan.

Malam Mode, uban matar Kawu, ya zo wucewa da jakinsa ya ga ana rabon dala a bayan kanti, ya miƙa hannu. Ka san yadda muke, mutum ba ya haɗa ido da surukinsa, balle ya zaunar da shi ya yi masa bayanin cewa maguɗi ake shiryawa. Kawu ya sunkuyar da kai ya saka masa dala, ya ce da ƙasa, a sayi abin da aka ga dama.

Malam Mode ya ga dama ƙwarai. Ya zagayo, ya tsallake kayan sama kamar an yi masa wahayi, ya dafa turmin yadin alawayyo, wanda shi kaɗai ne a kantin. Kawu ya ce sule goma sha huɗu. Malam Mode ya ce dala. Wa zai ja ciniki da wanda ya ba shi 'ya? Kawu ya ce Allah ya sa albarka. Dattijo ya ɗora bisa jaki, ya koma baya ya sake miƙa hannu.

Sau tara ya zagayo. Ya ɗauki garwar kananzir ta gaske, da sukari, da sabulu, da fitilar ƙwai da ake haska kantin da ita. Kowane zuwa sai ya nemi gyara. Babu abin da ya bi hanyar zaure, duk bisa jaki suka hau. A zuwa na goma ya karɓi dalar ya jefa aljihu, ya sa wa Kawu albarka, ya ce tun da ya ba shi Zulaihatu bai taɓa ganin alherinsa irin na yau ba. Ya kora jakinsa ya yi gida.

Jari ya koma dala biyu. Kawu ya ninka zuwa bayan gida.

Mataki na Takwas: Kada ka bari a tambayi 'yar makaranta

Kawu ya zaunar da ni tun safe a ƙuryar kanti da alƙalami a hannu, don a ga yana da akawu kamar kantin Turawa. Ya ce aikina shiru. Na ce zama zan yi, shiru ma zan yi, muddin ba a tambaye ni ba. Ya ce wa zai tambayi yarinya kuɗin kanti?

Da la'asar Kaltume ta juye ƙwaryar dama ta ƙirga, ƙwallo casa'in da huɗu. Ta ce a buɗe akwati. Kawu ya ce ai ba a barin kuɗi su kwana a kanti, tuni ya aika da su ajiya Sakkwato. Ta ce ikon Allah, ita dai ba ta ga ɗan aike ba sai buta. Ta ce kuma kuɗin Bodinga 'yan ɗaki ɗaya ne, akwai wata dala mai tabo a gefe, yau sau goma sha biyu suna gaisawa.

Amma Na'Allah ya riga ya hau kujera ya harɗe ƙafa. Ya ce Goggo ta bar zargi, ga ƙwarya ta cika, ga kanta ta ƙasa an wawashe ta ƙaf, wane shaida ake nema kuma? Ya fara kwance jaka. Na ga bakin fam-fam ɗin da idona. Goma sha biyu daga ciki nawa ne, har na fara jin ƙarar keken a kunnena.

Sai tsohuwa ta juyo.

"Ke ɗiyata, ke da anka kai makaranta. Tsakaninki da Allah, nawa na kuɗɗin kantin ga?"

Kawu yana tsaye bayanta. Ya yi tari. Ya ɗaga hannun dama yana juya shi a iska kamar mai murza keken ɗinki, da hagu yana tura yadin da babu. Ya murza, ya murza, har da ɗan sauti a baki.

Na ajiye alƙalami.

"Da sahe fam goma sha ɗaya na, Inna. Yanzu tara. Malam Mode ya tahi da biyu."

Ta tambayi abin da yake kawowa. Na ce taro a rana in ba a yi ruwa ba, wanda ya biya sittin zai jira shekara goma sha uku kafin kuɗinsa su dawo gida, in ɓera ya yi masa adalci. Ta tambayi kayan sama. Na ce masu gini za su so su.

Hannun Kawu ya tsaya a iska. Na'Allah ya sauko daga kujera ya ɗaure jakarsa, ƙulli uku.

Kafin magariba labari ya gama kasuwa, har mai tsire yana tambayar ƙarfe nawa jirgi ke isowa. Babu wanda zai sake taka kantin da kuɗi sai don dariya, dole Kawu ya sallama shi. Na'Allah ya biya fam tara cif, ya ce a bar masa kyanwa gyara.

To ka ga inda aikin ya ɓaci. Matakai shida sun tafi lafiya lau, na bakwai fam biyu kawai ya ci, sakacin na takwas ne ya kashe ciniki. In akwai 'yar makaranta a gidanku, ranar ciniki ka aike ta can ƙauyen Mandera ta gaishe da dangi, ka ce kada ta dawo sai an kira ta.

Faɗakarwa

Duk wanda ya bi wannan tsari ya ƙare a gaban alƙali, ko ɗan doka ya riƙe masa wuyan riga, ko suruki ya kwashe shi, ko zawon ƙarya ya zame masa na gaske, babu ruwana, babu ruwan makarantarmu. Ban san shi ba, ban taɓa ganinsa ba, kuma in aka tambaye ni zan faɗi gaskiya a kansa.

Wadda kuma ta karanta ta ce ni za ta kwaikwaya, ita ma kada ta zo mini da kuka, ga farashin tun yanzu. Bayan sati ɗaya na ji Na'Allah yana neman akawu, sule goma sha biyar a wata. Na yi wanka na tafi, tun da ni na tsare masa fam hamsin da ɗaya. Ya tashi ya ba ni kujerar da kansa, ya yi godiya har ya gaji, sannan ya ce:

"Malama Atika, lissahi kam kin iya shi. Amma ni ma wata rana ina sayar da kantin ga."

Ya ɗauki Ɗanmalam.

Ladan shekara biyu ya tafi. Keken ɗinki ya tafi. Kawu wata goma sha ɗaya ke nan ina gaishe shi yana amsa wa bango, na kwashe kayana na koma wajen mahaifiyata a Sifawa. Da allura da zare nake ɗinka rigunan yara, sisi ke saura mini a kowace riga. Keke riga ɗari huɗu da tamanin ne, in ban ci komai ba. Na ɗinka tamanin da uku, yatsana ya yi kanta har allura ta daina shigarsa.

Kantin dai fam tara ne.